Ranar da Iya Ta Daina Zaginka

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ka sauka Kano lafiya, ka samu ɗaki, ka samu abokan zama na gari. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, ya sa ka shiga jami'ar nan a sa'a. Babanku yana gaishe ka, ƙannenka ma haka, har da Ummi da ta gaje katifarka tun motarku ba ta gama fita Legas ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya a hannun kowa. To ka san al'adar: kai ɗan fari ne, kuma sunan kakanka ka ci. Ko a tsakar gida, in ban da "zo ka ci" da "je ka sayo", me na taɓa zama na faɗa maka? Na ɗauki wayar in yi maka saƙon murya, bakina ya yi nauyi, na ajiye. Takarda ba ta da ido, ba na jin kunyarta. Direban da ke kawo wa babanku albasa kasuwar Mile 12 shi zai miƙa maka ita, tare da ɗan ƙullin leda. Kada ka kwance ƙullin sai ka gama karantawa.

Maganar kakarka Iya ce ta sa ni rubutu. Ka tafi kana ganin wasa take yi da ta koma kiranka Malam. Wallahi ba wasa ba ne. Tun ranar walimar cin jarrabawarka Iya ba ta sake zaginka ba, kai kuwa ka san kakar da ta daina zagin jikanta ba lafiya ba. Ta tsufa, Abba, ƙafa ta yi nauyi, daga ɗaki zuwa zaure sai ta huta. Ban sani ba ko za ka dawo hutu ka tarar da ita, Allah ne masani, amma ba na so abin da zai rage tsakaninku ya zama "sannunku Malam". Kafin in ce maka ga abin yi, bari in nuna maka inda ka gado halin, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Lokacin da aka kawo ni Agege daga Katsina, ina ji da kaina, na sauke Alƙur'ani, na yi tajwidi. Da na ji Hausar gidan nan sai da na toshe baki da mayafi. Iya ta leƙo ta ce, "Amarya ya tashi lafiya?" Na waiga ina neman namijin da ake nufi. Ba ta cewa ƙofa sai kofa, ba ta cewa ɗaki sai daki, ga wani "o" da "jare" da take rataya wa magana a wutsiya. Ka san ita a nan aka haife ta, ubanta Bahaushe mai fataucin goro, uwarta Bayarabiya. Na ce wa babanku, "Mutanen nan sun kashe Hausa sun binne." Ya yi murmushi kawai, ya ce in je kasuwa tukuna.

Na kuwa je. Na tsaya gaban wata mai awo na ce, "Hwarar shinkahwa nika so." Tabɗi! Matar nan ta kira maƙwabciyarta ta ce in maimaita. Na maimaita. Suka yi ta dariya har da tafa hannu, daga ranar sunana a layin ya koma Shinkahwa. Na dawo gida ina kuka, ina cewa ni da nake magana daidai ake yi wa dariya. Ashe gwano ba ya jin warin jikinsa. Kai ma za su yi maka a Kano, ka shirya. Ranar da bakinka ya suɓuce ka ce wa mai adaidaita "oga, ba ni canjina jare", za ka sha tsiya. Kada ka ji haushi, kada kuma ka rufe baki ka zama kurman ƙarfi da yaji. Ka yi dariya tare da su, sannan ka kasa kunne ka ji nasu lanƙwasar, don suna da ita, su ne dai ba sa ji.

Da ina da hankali, da wannan ta ishe ni darasi. Ina! Na buɗe makarantar matan nan a zaurenmu, na ci gaba daga inda na tsaya. Akwai wata ɗalibata, Iya Rashida mai sayar da tattasai, Bayarabiya, mace mai himma, ita ke fara zuwa ta share zaure. Ba ta iya "za" ba. In na ce Zainabu sai ta ce Sainabu. Na tsayar da ita gaban mata na ce ta maimaita, ta maimaita, na ce ta sake, har aji ya fashe da dariya. Ta dube ni ta ce, "Malama, abin da kin ce shi ne na ce." Na ɗauka taurin kai ne, na daka mata tsawa. Ta naɗe tabarmarta ta tafi, ta daɗe ba ta sake takowa ba.

Ka san abin da ya wayar min da kai? Mura. Wata mura ta damina ta toshe min hanci tam, na ce wa yara su kira min Mama maƙwabciyarmu, sai ga "Baba" ya fito daga bakina. Yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa na tsaya cak, na ce ikon Allah, me ya faru? Leɓɓana iri ɗaya suka haɗu, to me ya raba "ma" da "ba"? Na danne hanci na gwada, na saki na gwada. Ashe a "ma" iska ta hanci take bi, da aka rufe mata hanya sai ta koma "ba". Na yi shekaru ina rera wa mata mafitar haruffa kamar waƙa, maƙogwaro, harshe, leɓɓa, hanci, amma sai ranar na ji abin a jikina. Daga nan na zama kamar mai sabon abin wasa. Ina tuƙa tuwo ina "sss, zzz". Na ɗora yatsu a maƙogwaro, sai na ji a "za" wani abu yana kaɗawa kamar waya a aljihu, a "sa" kuwa shiru. Harshen wuri ɗaya yake zaune, kaɗawar ce kaɗai bambanci.

Na ɗauki mayafi na bi Iya Rashida har rumfarta. Na kama hannunta na ɗora a wuyana na yi mata duka biyun. Ta zare ido. Ta ɗora a nata wuyan, ta yi ta gwadawa, masu sayen tattasai suna kallonmu kamar mahaukata, har "za" ya fito garau. Ta yi guɗa a tsakiyar kasuwa. Sai a lokacin na gane gaskiya ta faɗa min tun farko: kunnenta bai taɓa raba su ba, don a yarensu babu "za". To ka riƙe wannan, kai da za a kira masanin harshe. Wanda bai furta abu yadda kake so ba, kada ka fara da bakinsa, fara da tambayar me kunnensa yake ji. Kuma gyara a gaban jama'a, ko daidai ne, ba ya shiga.

Af, tun da maganar ta zo, littafin nan da ka bari a kan taga na karanta shi, kada ka ce na yi maka bincike. Na ji daɗin sunayen da suka raɗa wa sautuka. Wai ɓ da ɗ haɗiyau ne, ƙ da ts kuma tunkuɗau. Na ce bari in gani ko gaskiya ne. Ni wuyana ba a ganin komai, sai na zaunar da babanku, tun da shi zakaran wuyansa a fili yake. Na ce ya ce "ɓarawo", na ga abin ya yi ƙasa kamar mai haɗiyar loma. Na ce ya ce "ƙato", na ga ya yi sama. Ya ce, "Wai ni kike zagi a fakaice ko karatu ne?" Na ce karatu ne, ya ce to a nemi wani wuyan. Amma ka duba fa, Abba! Tun muna goye muke yin wannan aikin da maƙogwaro ba mu sani ba. Wanda uwarsa ba ta yi masa shi a kunne yana jariri ba, kamar Iya, yaya za a ce ya same shi a sama?

Ina da tambayoyi ma da za ka kai wa malamanku, kada ka ce na cika surutu. Me ya sa tun da haƙoran Iya na gaba suka zube, "sa" ɗinta ya koma kamar fito? Me ya sa Bayarabe yake saurin kama hawa da saukar muryar Hausa, amma ƙ ta gagare shi har ya tsufa? Kuma yaran unguwar nan da ke cusa Hausa da Yarabanci da Turancin titi a magana ɗaya, me ya sa ba sa karo? Na saurare su da kyau, ba ko'ina suke sauya harshe ba, kamar akwai tashoshin da aka yarda a sauka, irin na motocin danfo na haya. In an ba ka amsa ka rubuto min da Hausar da zan gane.

Yanzu ga wadda ta fi kusa da kai. Kana ƙarami, ka shigo da gudu kana cewa ka ga "karori" a bakin kwata, wata rana kuma ka ce "macoci" sun cika zaure. Na ɗalle maka baki na ce karnuka ake cewa, mata ake cewa. Iya tana gyaran goro a gefe ta ce, "Bar shi jare, yaro yana gini ne." Na yi tsaki a zuciyata, na ce wadda ba ta iya ba ita za ta hana a gyara. Sai daga baya abin ya riƙa dawo min. A ina ka ji "karori"? Babu mai faɗa a gidan nan, babu a unguwa. Ka ji mota da motoci, ka ji taga da tagogi, kai da kanka ka ciro ƙa'ida ka ɗora wa kare. Yaron da bai iya ɗaura wando ba! Ashe nahawu tun kafin a je makaranta yana cikin kai, littafi biyo shi yake yi daga baya.

Da na gane haka a kanka, da sai in gane a kan Iya, amma ban yi ba. Na kafa muku doka, ba Yarabanci a ɗakina. Wanda ya ce "yarinya ya zo" sai in ce, "Kul, kada ka yi min maganar Iya a nan." Ina faɗa ina rage murya, ina ganin ba ta ji, alhali labule ne kawai tsakaninmu. Kun tashi kuna jin Hausar kakarku ita ce ma'aunin kuskure. Na so ku iya Hausar da za ku shiga ko'ina da ita, wannan ban yi nadamarsa ba. Amma da na koya muku ita ba tare da na taka ta wani ba.

Ga shi kuma da na zauna na saurari Iya da kunnen da na saurari murata, sai na ga maganarta ba tarkace ba ce. Ba ta taɓa cewa "ya" yau gobe ta ce "ta". Kowa "ya" ne a wurinta, don a yaren uwarta ba a raba mace da namiji a wannan gurbin. Amma akwai abin da take rabawa wanda mu muke sakaci da shi. Ka taɓa jin ta ce wa babba "kai"? Ko liman ne shi kaɗai ya shigo, sai ta ce "sun zo", "ku zauna". Mu muna duba mace ce ko namiji, ita tana duba babba ne ko yaro. Ka ga kowa da abin da harshensa ya ɗauka da muhimmanci.

To sai ranar walimarka. Ka tuna yadda kuke da ita. Kai ne Maigida, tun da sunan mijinta gare ka. Ta ce maka rago mai kai kamar kwakwa, ka ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ka sake ta da safe, ta ce ba ta fita, ku ci tuwo kwano ɗaya da rana. Wannan hakkinku ne, ko babanku ba ya shiga. Amma ranar yayyena sun zo daga Katsina, suna zaune a zaure. Su surukanta ne, Abba. Tun da aka yi aurena Iya take lallaɓa bakinta a gabansu, ta gaishe su a taƙaice ta koma ciki. Ranar murna ta ɗauke ta, ta zauna tana ba su labarin yadda ka ci jarrabawa, ta nuna ni ta ce, "Har Hajara ya yi kuka don dadi." Sai ka miƙe ka kwaikwayi muryarta, da tafiyarta, da "o" ɗinta, ka ce, "Kawu, a littafinmu wannan sunansa rashin jituwar jinsi, Iya ce babin farko da za mu yi." Kawunnanka suka yi dariya har Yaya Sule yana share hawaye da hula. Ni ma, Allah na tuba, na murmusa.

Kai a ganinka wasan jika ne. Amma wasan jika da kaka a cikin gida ake yinsa, kuma da abin da za ta iya ramawa. Ka ce mata ba haƙori, ta ce maka ba gemu, an yi canjaras. Wannan kuwa da me za ta rama? Ka ɗauko littafi ka buga mata a gaban mutanen da ta yi shekaru tana ɓoye musu bakinta. Na ga ta tattara goronta a faranti, ta ce, "Gaskiya ne, Malam," ta shige ɗaki.

Tun daga nan kai ne "ku". Ranar tafiyarka ka tsaya a ƙofarta ka ce, "Tsohuwa, na sake ki, na tafi." Da can da sai ta biyo ka da muciya. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam, ku sauka lafiya." Ka yi dariya ka ɗauki jaka. Ni da nake bayanka na ji kamar an zuba min ruwan sanyi. Kuma ba kai kaɗai ba ne. In ina tsakar gida yanzu, Yarabanci take yi da maƙwabta, ni kuwa daga "to" sai "madalla". Gidan ya yi shiru, ba daɗi. Na yi wa babanku magana, ya ce sha'anin kaka da jika wanda ya shiga shi zai ji kunya.

Shekaranjiya da hantsi na same ta a bakin ɗaki tana yayyafa wa goro ruwa. Na zauna kusa da ita, abin da ban saba ba. Ban ba ta haƙuri ba, don na san in na ce "ki yafe mana" za ta ce ba a yi mata komai ba, a rufe maganar har abada. Sai na ɗauki wani babba na ce, "Iya, wannan me ake ce masa?" Ta dube ni ta gefen ido ta ce marsa. Ƙananan fa? Minu. Wannan da ya yi yaushi? Ta ce daushe ne, na bara. Na ce wallahi ni 'yar Katsina ban san rabinsu ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta ɗan saki, ta ba ni labarin yadda ubanta yake ɗaure huhun goro da ganye a ɗora a jirgin ƙasa zuwa arewa. Tana cikin magana ta ce "uwana ya ce", sai ta tsaya ta dube ni. Na ci gaba da jera goro kamar ban ji ba. Ta jira. Ban ɗago ba. Sai ta ƙarasa labarin.

Da zan tashi na ce, "Ina rubuta wa Abba takarda, ko akwai saƙo?" Ta ce, "Ku gaida Malam." Na ce to, na miƙe. Har na kai bakin labule ta ce, "Tsaya." Ta tona faranti, ta tona, ta zaɓo goron da ya fi kowanne ƙanƙanta da yamutsewa, ta ƙulle a leda ta miƙo min. Ga abin da ta ce, kuma na rubuta shi yadda ya fito daga bakinta. Hannuna ya so ya gyara, na hana shi:

"Ka ba wannan rago Maigida, mai kai kamar kwakwa. Ka ce matansa yana nan bai mutu ba o. Karamin goro shi ne daidai da karamin miji. In ya samu yarinya a Kano da ya fi ni Hausa, ya tambaye shi ko ya iya daka sakwara."

Abba, na shiga ɗaki na yi kuka, na yi dariya, Ummi tana tambayata ko lafiya. Yanzu kwance ƙullin ka gani.

Amma kada ka ce shi ke nan an shirya. Ta hannuna ta aiko, ba ta faɗa maka a kunnenka ba, kuma in ka yi shiru za ta ɗauka Malam ya fi ƙarfin wasa da ita. Ranar da takardar nan ta same ka, ka kira wayata da hantsi, lokacin tana bakin ɗaki, zan miƙa mata. Kada ka yi mata gaisuwar malamai, kada ka ce ta yi haƙuri, kada ka yabi Hausarta, za ta gane ni na kitsa. Ka yi mata da Hausar Agege da ka tashi da ita tun kana goye a bayanta, ka ce goro ya iso, kuma ya yi kama da mai aiko shi.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya kare ka daga mugun ji da mugun gani, ya ba ka ilimin da zai sa ka ƙara kasa kunne. Allah ya ja kwanan Iya har ka dawo ku ci tuwo kwano ɗaya. Ka riƙe sallah, ka ci abinci, ka gaida malamanku.

In ta ce maka "Malam", kada ka kashe wayar, ka sake tsokanarta. In ta zage ka, ka yi hamdala.

Wassalam,
Mahaifiyarka, daga Agege.